Kafin Ka Yarda a Sauke Injin Hilux Ɗinka

Wata safiyar Talata cikin hunturu, hazo ya rufe gari har ba ka hango gadar Kawo sosai, wani Alhaji mai jigilar masara daga Saminaka ya shigo garejinmu da farar Hilux ɗinsa, tsohuwar yayi mai injin 5L. Tun daga bakin titi na jiyo ta: kwas, kwas, kwas, kamar ana dukan ƙarfe da ƙaramar guduma. Ya fito ransa a jagule. Kanikawa biyu sun riga sun duba masa, dukansu sun ce metal, wato 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi da babban sandan inji ke juyawa a cikinsu, ya cinye, sai an sauke inji, har ya je ya jiyo kuɗin inji ɗan Kwatano. Ya ce, "Malam, ka duba min ita tsakaninka da Allah. Da ita nake ciyar da gida." Na ce, "Alhaji, ba ni awa biyu. Ba zan taɓa abin da ya fi ƙarfin sufana 17 ba sai na kira ka."

Shekara 23 ke nan ina aikin injin dizal a Kaduna, kuma abin da ya fi ci min rai a sana'ar nan shi ne saurin da ake yi wajen kwance inji. Mutum ya ji ƙara, bakanike ya kasa kunne na minti ɗaya, sai hukunci ya fito. Alhali ƙwanƙwasa tana da iyaye da yawa, wasu gyaransu bai kai kuɗin cika tanki ba, wasu kuwa sai an sayar da buhunan masara. Hanyar da zan faɗa maka ita ce wadda maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗora ni a kai: a fara daga abin da ba ya cin kuɗi, a bi ƙarar har gidanta, sannan a ɗauki sufana.

Ka fara sanin cewa injin dizal dama can mai surutu ne. Ba shi da fulogi mai ƙyasta wuta irin na fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafin da in aka fesa mata man gas sai ya kama da kansa. A injin 5L ana matse iskar har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta. Tsakanin lokacin da nozul, wato bakin da ke fesa man gas cikin silinda, ya fesa mai da lokacin da man ya kama akwai ɗan jinkiri, man da ya taru cikin wannan jinkirin kuma tare yake fashewa, shi ne ƙarar nan ta kar-kar-kar da kowa ya san dizal da ita. Duk abin da ya tsawaita jinkirin, ko sanyi ne, ko mai marar kyau, ko nozul mai ɗiga, zai ƙara mata ƙarfi. Wannan ƙwanƙwasar ƙonewar mai ce. Akwai kuma ta ƙarfe da ƙarfe, wadda ke zuwa idan wani abu ya yi sako-sako a ciki yana dukan ɗan'uwansa. Aikinka gaba ɗaya shi ne raba waɗannan biyun, domin a kunnen wanda bai saba ba kusan ɗaya suke.

Amma akwai ƙarar da ba a tsayawa yi mata bincike. Idan fitilar man juye, wato baƙin man inji, ta kama a dashbod tare da ƙarar, ko ƙarar ta zo farat ɗaya da nauyi kana cikin tafiya tana ƙaruwa, ko allurar zafi ta haura, ka sauka gefen titi ka kashe. Ko kana tsakiyar hanyar Kachia ne, ka nemi mai janwe. Na ga motar da direbanta ya ce bari ya lallaɓa ta daga Maraban Rido zuwa cikin gari, kafin ya kai Sabon Tasha konrod, wato sandan da ke riƙe da fistin, ya fasa bulo ya leƙo waje. A nan ne ake cewa inji ya buga, kuma ba sauran magana sai sayen wani.

Idan ba haka ba ne, kafin ka buɗe bonet ka zauna ka tuna. Ni tambayoyin da nake yi wa mai mota sukan kai rabin aikin. Yaushe ta fara? A hankali ta taso ko rana ɗaya? Me aka yi wa motar kafin nan? A ina ka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wurin 'yan bumburutu? An canza taimin bel kwanan nan? Ka ratsa ruwa? Wannan ta ƙarshe ina yawan yin ta a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke kwanciya a titunan garin nan. Ruwa ba ya matsuwa. Idan inji ya zuƙe shi ta bututun iska, ko da ɗan kaɗan ne, konrod na iya lanƙwasa, mota ta ci gaba da tashi amma da ƙwanƙwasa da farin hayaƙi. Mai mota kan manta da ruwan da ya ratsa sati biyu da suka wuce sai an tuna masa.

Sannan ka lura da lokacin da ƙarar ke zuwa, domin nan ne take tona kanta. Wadda ke da ƙarfi da sassafe, ta ragu ko ta ɓace da zarar inji ya yi zafi, yawanci ba ta ba ni tsoro. Ko hita ɗaya, wato 'yar sandar da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji, ta mutu, silindar ba ta ƙone mai da kyau a mintin farko, sai ka ga farin hayaƙi mai yaji a ido, ko kuma fistin ne ya ɗan yi wasa a cikin silinda, in ya ji zafi ya kumbura ya cike gurbin. A watan Disamba da Janairu irin wannan ƙorafin ya fi yawa. Wadda nake tsoro ita ce mai akasin haka: shiru da safe, amma bayan tafiyar minti 20, man juye ya yi zafi ya tsinke, sai ta fito. Wannan halin metal ne.

Yanzu buɗe bonet, inji a kashe, mota a waje mai daidai. Zaro gejin man juye. Idan ya yi ƙasa, ka san inda za ka fara zargi. Idan kuma ya haura alamar sama alhali ba ka ƙara ba, kada ka yi murna, shinshina shi. Man gas ne yake gangarawa cikin man juye, ya tsinka shi, metal kuma ba ya jure tsinkakken mai. Idan ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Baƙi kawai ba laifi ba ne, man injin dizal yakan yi baƙi kwana kaɗan bayan juye.

Gwajin da na fi yarda da shi a nan ba ya buƙatar na'ura. Ka samu kwano mai tsabta, ka juye man a ciki yana da ɗumi, ka fita da shi cikin rana ka karkata shi. Mai lafiyayye baƙi ne sumul. Idan ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin kwalli mai sheƙi, ƙarfe ne ya gogu a ciki. Ka cire filtar mai, ka yanke gwangwanin, ka ware takardar da ke ciki ka duba lungunanta. Ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe ko fari mai laushi wanda maganaɗisu ba ya kamawa, daga metal yake. Wanda maganaɗisu ya kama, daga ƙarfen inji ne kansa. Ka yanke gwangwanin da almakashin kwano, kada ka sa zarto, don zarto zai zuba nasa garin ya ruɗa ka. Na Alhajin nan na yi masa haka, man ya fito tas, takardar filta ba ko ƙwaya. Tun daga nan na fara shakkar maganar metal.

Sai sauraro. Ka maida man ko ka zuba sabo, ka tayar da mota ka bar ta a silo, wato tana aiki a tsaye ba a taka totur ba. In kana sanye da babbar riga ko mai faɗin hannu, cire ta tukuna, fanka da bel ba su san mutunci ba. Ɗauki doguwar sukudireba, ka dafa bakinta a jikin inji, ka manna kunnenka a mariƙin. Ƙarfe yana kawo sauti kai tsaye, za ka ji abin da kunne kawai ba ya rarrabewa. Fara daga murfin bawul a sama, ka bi daga gaba zuwa baya. Sauko kan kowane nozul. Sauko gefen bulo, sannan can ƙasa kusa da kwanon mai, sannan baya inda inji ya haɗu da giya. Inda ƙarar ta fi kaifi, nan ne unguwarsu. Ƙarar sama siririya ce, tik-tik-tik, yawanci bawul ne tazararsa ta buɗe. Ta tsakiya mai kaifi kamar an ƙwanƙwasa kwalba, ta ƙonewar mai ce ko fistin. Ta ƙasa mai kauri, dum-dum, wadda kake ji har a tafin ƙafa, ita ce ta karanshaf, wato babban sandan ƙasan inji da fistin ke juyawa.

Ka kuma ƙirga saurinta. Kowace silinda sau ɗaya take ƙone mai a juyi biyu na karanshaf. Idan inji na silo a wajen juyi 700 a minti, ƙarar silinda guda za ta zo kusan sau 6 a daƙiƙa, kana iya bin ta da yatsa. Bawul ma haka yake, don kamshaf, sandan da ke buɗe bawul, rabin gudun karanshaf yake yi. Wadda ta ninka wannan sauri, tana bin kowane juyi, to ka nemi abin da ke juyawa tare da karanshaf. Ka sa yaro ya ɗan taka totur ya saki. Ƙarar konrod ta fi fitowa daidai lokacin da aka saki totur inji yana saukowa. Ta ƙonewar mai kuwa takan ɓace a wannan lokacin, saboda an yanke mai, ta dawo idan aka taka. Ka sa ya taka kuloci ya saki. Idan ƙarar ta sauya, ka maida hankali baya.

A nan zan tsaya in faɗi kuskuren da na taɓa yi, don har yau yana damuna. Ina sabon buɗe garejina aka kawo min wata akori-kura mai ƙara a ƙasa, mai nauyi, duk alamar metal. Na sauke inji, na kwance shi, na tarar da metal lafiya lau. Ashe kusoshin fulawil, babban faifan ƙarfen bayan inji inda kuloci ke kamawa, ne suka saki, wanda ya canza kuloci a baya bai ɗaure su yadda ya kamata ba. Mai motar talaka ne, na sa shi sayen gasket da sauran kayan haɗa inji a banza. Na yafe masa kuɗin aiki, amma kwana biyar da motarsa ta yi a ajiye ban iya biyansa ba. Tun daga ranar ba na zargin cikin inji sai na gama da wajensa.

Wajen kuwa abubuwa ne masu sauƙi. Cire fanbel, da bel ɗin AC idan nasa daban ne, ka tayar da inji na minti ɗaya, kada ka wuce haka don famfon ruwa ba ya juyawa. Idan ƙarar ta tafi, tana cikin altaneta ko famfon ruwa ko kwamfuresar AC ko wani fuli. Girgiza fulin karanshaf da hannu inji a kashe, akwai roba a tsakiyarsa da kan tsage idan ta tsufa, ta riƙa ƙara kamar metal. Duba robobin da inji ke zaune a kansu. Duba farantin kariya na ƙasa, motar da ke shiga hanyoyin ƙauye takan lanƙwasa shi ya riƙa taɓa kwanon mai. Duba bakin salansa inda ya manne da inji, in ka ga baƙin toka a gefe, gasket ɗin wurin ya huje, yana kuma yin tas-tas da safe kamar bawul.

To, mun zo kan gwajin da ya fi kowanne amfani, kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. Wannan na tsofaffin injuna ne masu famfon injekta na gargajiya, irin 2L da 3L da 5L. Inji na silo, ka sa sufana 17 a kan notin bututun da ya shiga nozul na farko, ka rufe da tsumma, ka sassauta kamar rabin juyi. Mai zai tsirto, silindar ta daina aiki, inji ya fara rawa. Saurara. Ɗaure, ka wuce na biyu, har huɗu. Kada ka kai yatsa kusa da inda man ke fita, ƙarfinsa yana iya huda fata, kuma ka kare idonka. Silindar da ka sassauta ƙarar ta ɗauke ko ta ragu sosai, ita ce mai laifi. Idan kuma ka sassauta wata inji bai canza rawa ba ko kaɗan, dama can ba ta aiki.

Ga inda da yawa ke faɗawa rami. Sun kashe silinda ta uku, ƙara ta ɗauke, sai su ce metal na uku ne. Ai ba a gama ba. Idan nozul ne ke ɗiga, yanke masa mai zai kashe ƙarar. Idan metal ɗin konrod ne, cire masa nauyin fashewar mai shi ma zai rage ƙarar. Gwajin ya nuna maka ɗaki ne kawai, bai nuna maka wanda ke ciki ba. Abin da za ka yi shi ne musanya. Cire nozul na silindar da ake zargi, ka cire na wata lafiyayya, ka sauya musu gurbi, da sababbin wasa, wato 'yan zoben jan ƙarfe, a ƙarƙashinsu, kada ka maida tsofaffi. Tayar, ka maimaita gwajin. Idan ƙarar ta bi nozul zuwa sabon gidansa, shi ne. Idan ta tsaya inda take, matsalar tana cikin silindar.

Haka na yi wa motar Alhaji. Ƙarar tana ta uku. Na kai nozul ɗin ta ɗaya, ƙarar ta koma ta ɗaya. Na aiki yaro da nozul huɗun wurin masu aikin injekta, na bi bayansa don in gani da idona. A kan famfon gwaji, lafiyayyen nozul irin na 5L yana riƙe mai har matsi ya kai wajen 150 a ma'aunin kg/cm², sannan ya buɗe da wata 'yar ƙara, kirrr, ya fesa mai kamar hazo, ya rufe bakinsa a bushe. Ukun sun yi haka. Wanda ƙarar ta bi kuwa, tun allura ba ta yi nisa ba ya fara tsiyaya, man ya fito tsiri ɗaya kamar fitsarin yaro, bayan an saki kuma ɗigo ya taru a bakinsa. Wannan ɗigon shi ke kwanciya a silinda ya fashe ba a kan lokaci ba. Aka canza bakin nozul, aka saita sauran. Kafin la'asar Alhaji ya tayar da motarsa, ya tsaya yana saurare, ya ce, "Malam, ita ce kuwa?" Kada dai ka ɗauka nozul mai ɗiga ƙaramin abu ne da za a yi ta tafiya da shi. In aka bar shi, yana iya ƙona kan fistin har ya huda shi.

Idan motarka ta zamani ce, mai D-4D a jiki, wato injin 2KD mai lita 2.5 ko 1KD mai lita 3.0, ko sababbin 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, kada ka kuskura ka sassauta bututun mai inji na aiki. Matsin da ke cikinsu ya haura 1,000 a ma'aunin kg/cm² nesa ba kusa ba, yana iya raunata mutum mummunan rauni. Waɗannan da kwamfuta ake kashe musu silinda. Ka je wurin mai na'urar da ta san Toyota sosai, ka ce ya nuna maka gyaran da ƙwaƙwalwar mota ke yi wa kowace injekta idan inji ya yi zafi yana silo. Lambobi huɗu ne, lafiyayyu suna zama kusa da sifili. Wadda ta yi nisa da 'yan uwanta ita ce abar zargi. Akwai kuma gwajin man da ke komawa tanki, inda ake sa wa kowace injekta 'yar kwalba a ga wadda ta fi saurin cika. Ba ko yaushe kwamfuta ke nuna lambar matsala ba, don haka kada wani ya ce maka "ba ta nuna komai ba" ka tafi. Idan aka sa sabuwar injekta, akwai lambobin da ke rubuce a kanta da dole a shigar wa ƙwaƙwalwar mota. Na sha karɓar motar da aka sa mata injekta mai kyau amma ba a shigar da lambar ba, tana ta ƙwanƙwasa.

Masu 1KD da 2KD, akwai abu guda da nake roƙonku. Wasan jan ƙarfen da ke ƙarƙashin injekta idan ya fara yoyo, hayaƙin ƙonewa yana hawowa cikin murfin bawul ya gauraya da man juye, ya zama baƙin dasƙare kamar kwalta. Wannan dasƙaren yana gangarawa ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta a ƙasan inji. Mai na nan cike a geji, amma ba ya isa wurin metal. Injuna da yawa ta nan suka tafi. Duk lokacin juye, idan man ya gama tsiyaya, ka haska tocila ta ramin ka leƙa rariyar. In ka ga ta toshe da baƙi, a sauke kwanon a wanke, a canza wasan injektocin duka huɗu.

Idan kuwa ƙarar ba ta silinda ɗaya ba ce, duka huɗun ne suka ƙara kaifi tare, to abu biyu nake dubawa, mai da taimin. Man gas da aka gauraya da kananzir yana jinkirin kamawa, ba shi kuma da santsin da famfon injekta ke buƙata. Fetur da aka zuba bisa kuskure ya fi muni, kuma yana faruwa fiye da yadda ake zato. Kwance ƙasan filtar gas ka tara man a gorar roba mai haske, ka shinshina, ka ajiye minti 10. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da ido. In kana son tabbaci, ka sayo man gas mai kyau a jarka, a zura tiyo daga jarkar zuwa filta, a bar inji ya sha daga nan. Idan ya lafa bayan 'yan mintuna, sai wanke tanki da canza filta. Taimin kuma, tambayar ita ce ko an taɓa bel ko famfon kwanan nan. Haƙori ɗaya aka tsallake ya isa. Idan man na shiga da wuri fiye da ƙima, inji zai yi ƙara mai kaifi. Idan yana makara, zai yi laushi, ya rasa ƙarfi, ya yi farin hayaƙi. Akwai kuma masu murɗa famfo gaba wai don mota ta ƙara ja, wannan ba gyara ba ne. A buɗe murfin bel a daidaita alamomin karanshaf da kamshaf da famfo, a duba layin da ke jikin famfon ya yi daidai da na mazauninsa.

Sai idan duk wannan ya wuce ƙarar na nan a silinda ɗaya, ko an ga ƙyalli a mai, sannan ake maganar ciki. Ko a nan ma akwai awo kafin sauke inji. Buɗe murfin zuba mai inji na silo da zafi, ka ɗora shi a bakin ba tare da ɗaurewa ba. Ɗan tururi ba komai. Idan yana tsalle, hayaƙi na fita fuf-fuf a jere kamar numfashi, ringi ko fistin ɗaya ya samu matsala. A cire hita huɗu a auna matsin kowace silinda da gejin dizal, ba na fetur ba. A littafin Toyota na 3L da 5L, lafiyayye 32 ne a ma'aunin kg/cm², mafi ƙaranci 20, bambanci tsakanin silinda da silinda kuma kada ya wuce 5. Silindar da ta faɗi ƙasa ita kaɗai bayan an ratsa ruwa, konrod ne ya lanƙwashe. A kuma cire suwicin fitilar mai a ɗaura geji na gaske a gurbinsa, a auna inji na da zafi. Fitilar dashbod ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa, don haka rashin kamawarta ba shaida ba ce. Idan allura ta tashi da sanyi, ta zube kusan ƙasa da zafi, metal ya buɗe.

Mataki na ƙarshe kafin sauke inji shi ne cire kwanon mai daga ƙasa. A wasu Hilux masu gaba da baya sai an ɗan kwance abin da ya tare, amma duk da haka ya fi sauke inji arha. Ka kama kowane konrod ka girgiza sama da ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan dama akwai shi, amma sama da ƙasa bai kamata ka ji komai ba. A kwance murfin wanda ake zargi a fito da metal. Mai lafiya toka-toka ne sumul. Wanda ya ci za ka ga jan ƙarfe ya bayyana, ko ya yi zane, ko ya yi baƙi don zafi. Ka goga farce a wuyan karanshaf. Idan farce bai maƙale ba kuma awo ya nuna yana nan daidai, sabon metal na iya wadatarwa. Idan ya maƙale, sai an kai wa masu gurza, su rage shi zuwa 010 ko 020, a sayi metal daidai da wannan awon.

Idan aka kai nan, ka tsaya a wurin ranar da za a buɗe, ko ka tura wanda ka yarda da shi. Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire, a jera metal ɗin bisa lambar silinda a kan kwali. Sannan ka tambayi bakaniken me ya cinye shi, domin metal ba ya ci haka kawai. Ko rariya ta toshe, ko famfon mai ya gaji, ko man gas ya tsinka man juye, ko an daɗe ba a yi juye ba, ko jabun filta aka sa. A wanke hanyoyin mai na cikin bulo da na karanshaf da kananzir a hura musu iska, a canza abin sanyaya mai ko a wanke shi sosai don ɓarɓashi na ɓuya a ciki. Ranar tayarwa, a cire wayar da ke buɗe wa famfo mai, a juya inji da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan a maida wayar a ba shi wuta. Bayan tafiyar kamar kilomita 1,000 ka dawo a sake juye, ka zo da kwanonka mai tsabta, mu fita da man cikin rana mu duba tare.